Malamar Aro

Ƙarfe shida da rabi waya kan yi kuka,
tun garin Rotherham bai gama murza ido ba.
"Glenda, akwai aji a Maltby, mura ta kwantar da malaminsu.
Za ki iya?" Zan iya.
Shekara tara ban taɓa cewa a'a ba,
don wanda ya ce a'a sau ɗaya
sunansa kan zame zuwa gindin takarda.

Bas biyu, burodi a jaka, laima mai karyayyen haƙarƙari.
Litinin lissafi, Talata Faransanci,
alhali ko gaisuwa ban iya da shi ba.
Laraba ina bakin fili da usur a wuya,
ruwa na yi mini sallama ta ƙasan takalmi.
Yara ba sa riƙe sunana, "malamar yau" suke ce mini.
A ɗakin malamai kowane kofi da mai shi,
ni nakan sha a wanda bakinsa ya ɓantare,
in wanke, in kife shi inda na same shi.

Sai Yuli ya tsufa, a garƙame ƙofofi.
Masu kujera su nufi bakin teku,
albashinsu na biye da su kamar inuwa.
Ni kuwa waya ta haɗiye harshenta mako shida.
Firji na ta gurnani a kan rabin albasa,
kuɗin haya kuma bai san ana hutu ba.

Maƙwabcina Tadeusz, mai dakon kaya a sito da dare,
wanda shi ma sai an kira yake da aiki,
ya shigo aron tsani, ya same ni a ƙasa
da kwalin takalmi cike da takardun biya.
Ya manta tsani. Ya sa tabarau.
"Ina kuɗin hutunki?"
Na ɗora yatsa a kan layin: ga shi nan, sun ce yana ciki.
Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.
"Fam ɗari da talatin aka ce miki a yini, ban da hutu.
Duba nan, ɗari da sha shida. Duba nan, sha huɗu.
Naki suka yanka, suka raɗa masa sabon suna.
Da kuɗinki aka yi miki tsaraba."

Muka zauna har shayi ya huce sau biyu.
Yana kira, ina rubutawa a bayan takardar kuɗin wuta.
Yini ɗari da sha ɗaya bana,
kowanne da makarantarsa, da ruwan da ya dake ni.
Fam dubu da ɗari bakwai da 'yan kai.
Na daɗe ina kallon adadin
kamar ɗan'uwan da aka ɓoye mini.

Wasiƙar farko wuta ce, na yayyaga ta.
Ta biyu roƙo ce, na ji kunyarta.
Ta uku lissafi ne zalla, da sunana a ƙasa.

Satumba ya kama. Litinin shiru. Talata shiru.
Na ce shi ke nan, na tsokano tsuliyar dodo.
Laraba waya ta yi kuka,
muryar nan dai, kamar ba a yi komai ba:
"Glenda, za ki iya?"

Kuɗin sun shigo a Oktoba,
layi ɗaya, babu ko "yi haƙuri".
Na hau jirgin ƙasa zuwa Scarborough,
rabin shaguna a rufe, teku ya yi launin toka.
Na zauna a kan jiƙaƙƙen benci da kifi a takarda,
tsuntsun teku na hararar loma ta.
Ranar Talata ce, wani aji na jiran wata.
Wayar tana aljihu, a kashe.
Tsanin Tadeusz kuwa har yau yana bayan ƙofata.